Ga rana ga duhu: ina kuɗin wutar sola na bankunan raya ƙasa suke zuwa?

Tambaya: Malam, ina da shagon walda a Kano, kusan rabin abin da nake samu janareto ne ke shanyewa. Kullum muna ji a rediyo wai Bankin Duniya ko Bankin Raya Ƙasashen Afirka ya ware miliyoyin daloli don wutar hasken rana, kuma an ce Masar da Zambiya sun gina manyan tashoshi da irin wannan kuɗi. Mu da rana ke gasawa shekara da shekaru, me ya hana a gina mana? Sannan kuɗin nan kyauta ne ko bashi?

Amsa: Allah ya ba da kasuwa, ɗan'uwa. Zan fara da tambayarka ta ƙarshe domin ta fi sauƙi. Mafi yawan kuɗin bashi ne. Kyautar da ke ciki ba ta da yawa, kuma galibi tana tafiya ne wajen binciken fili, da biyan injiniyoyi da lauyoyin da ke ba gwamnati shawara, da rage wa mutanen karkara tsadar jona wuta. Bankin Duniya da kake ji gida ne mai ɗakuna. Akwai ɗakin da ke ba gwamnatoci rance, wani lokaci da ruwa kaɗan da wa'adin shekaru masu yawa. Akwai IFC, wadda kamfanoni take ba rance ko ta sayi hannun jari a cikinsu, kuma riba take nema. Akwai MIGA, mai sayar da inshora ga mai zuba jari idan yana tsoron yaƙi, ko ƙwace, ko gwamnati ta saɓa alkawari. Ƙasashe masu arziki ma kowace da nata: BII ta Birtaniya, Proparco ta Faransa, DEG ta Jamus, FMO ta Holan, DFC ta Amurka. Duk cikinsu babu mai raba sadaka. Abin da ya bambanta su da bankin kasuwa shi ne suna iya jira shekara 15 ko 20, kuma suna shiga inda sauran ke tsoron sa ƙafa.

To me ya sa sai da su? Kai ka fi ni sanin amsar, domin tana cikin shagonka. Janareto ba shi da tsadar saye sosai, amma kullum sai ka ba shi mai. Sola kuwa sai ka tattara kuɗin gaba ɗaya ka biya tun ranar farko, daga nan rana ta ci gaba da ba ka wuta ba ta tambayar ko kwabo. Haka abin yake ga tashar megawat 100. Da zarar an gina ta, ɗan abin da ya rage shi ne wanke farantai, da albashin masu gadi, da canjin kayan da suka lalace. Kusan duk kuɗin da ake karɓa na kowane yunit yana tafiya ne wajen biyan bashin ginin da ribar masu jari. Ke nan farashin wutar sola farashin bashi ne.

Ga lissafi mai sauƙi, misali ne kawai. A ce an kashe dala miliyan 100, za a biya cikin shekara 25. Idan ruwan kuɗin kashi 4 cikin 100 ne, kowace shekara za a biya wajen dala miliyan 6.4. Idan kashi 12 ne, sai an biya wajen miliyan 12.7. Farantai iri ɗaya, daga masana'anta ɗaya a Sin, amma wutar ta ninka tsada. Shi ya sa Jamus, wadda takan yi watanni cikin hazo da sanyi, take samun wutar sola mai araha, alhali Sahel na fama. Hukumar Makamashi ta Duniya ta ƙiyasta cewa kashi 60 cikin 100 na wuraren da suka fi dacewa da sola a duniya a Afirka suke, amma a rahotonta na 2022 rabon nahiyar daga tashoshin da aka kafa bai wuce kashi 1 ba. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Na yi shekaru ina aikin lissafin kuɗin irin waɗannan ayyuka, kuma ban taɓa manta wani zama da muka yi da wakilan masu ba da rance ba. Mun shirya taswirori masu kyau na ƙarfin rana a filin, wata-wata. Ba su ɗauki minti biyar a kansu ba. Sauran yinin gaba ɗaya a kan tambaya guda ya ƙare: wa zai sayi wutar, kuma ina shaidar cewa yana biyan waɗanda yake saye a hannunsu yanzu? Ka dubi mai ba da A Daidaita Sahu a riƙa biyansa balas. Ba ya tambayar ko akwai fasinja a Kano, ya san akwai. Abin da yake son sani shi ne wane ne direban, zai kawo balas kullum, kuma idan ya gudu wa ya tsaya masa. Bankunan nan haka suke. Rana ita ce fasinjan da kowa ya san akwai. Direban shi ne kamfanin wutar gwamnati da zai sa hannu a yarjejeniyar sayen wuta ta shekara 20 ko 25. Mai tsayawa kuma ita ce Ma'aikatar Kuɗi ta ƙasar.

Yarjejeniyar tana da wani sharaɗi da ya kamata ka riƙe, domin shi ne tushen rigima a ko'ina. Kamar shatar mota take. Idan ka yi shata daga Kano zuwa Maradi, ko ka cika kujerun ko ka tafi kai kaɗai, kuɗin direba ɗaya ne. Idan tashar ta shirya ba da wuta amma babban layin wuta na ƙasa ya faɗi, ko mai saye ya ce yau ba ya buƙata, sai ya biya. Bankuna ba sa ba da rance sai da wannan sharaɗi, tunda su ma ba za su yarda a ce musu wannan watan babu biya ba.

Yanzu mu je Zambiya da ka ambata. A 2016 rukunin Bankin Duniya ya gwada wani shiri a can mai suna Scaling Solar. Dabarar ita ce a share wa mai zuba jari hanya tun kafin ya iso. Gwamnati ta tanadi fili a kudancin Lusaka, an rubuta takardun yarjejeniya iri ɗaya ga kowa, IFC ta ajiye tayin rance a kan tebur ga duk wanda ya ci, Bankin Duniya kuma ya tsaya wa kamfanin wutar ƙasar, ZESCO, a kan biya. Sai aka ce kamfanoni su yi gasa, wanda ya fi sauƙin farashi shi ya ɗauka. Kamfanin Neoen na Faransa da First Solar na Amurka suka ci tashar Bangweulu mai megawat 54 a kan santi 6.02 na dala kowane yunit (santi 100 ne dala ɗaya). Enel na Italiya ya ci ta Ngonye mai megawat 34 a kan santi 7.84. A lokacin ba a taɓa jin irin wannan araha a Afirka kudu da Sahara ba, in ka cire Afirka ta Kudu. An kunna tashoshin a 2019. Senegal ta bi sahu, a 2018 aka ci tashoshinta biyu na Kahone da Kael a ƙasa da santi 4 na yuro.

Sai dai arahar nan tana da ciki. An samu wannan farashi ne domin an zuba rance mai sauƙin ruwa a ciki, an kuma ɗauke wa kamfani haɗarin fili da na biya. Ministoci a wasu ƙasashe suka ji santi 6 a labarai, ba su ji sauran bayanin ba, suka juya ga kamfanonin da suke ciniki da su suka ce ku ma sai haka. Ayyuka da dama sun mutu a wannan gaɓar, kuma na Najeriya na cikinsu.

Masar ta fi ba ni sha'awa, domin ita ta yi kuskure ta gyara. Ta fara tayi da farashi mai tsoka, sama da santi 14, kamfanoni suka yi tururuwa. Amma gwamnati ta dage cewa idan rigima ta tashi a Alkahira za a yi sasanci. Masu ba da rance na waje suka ce ba za su kai ƙarar gwamnati gidan gwamnati ba, suka janye, zagayen farko bai haifar da abin kirki ba. A zagaye na biyu aka sauko da farashi zuwa santi 8.4, aka kuma yarda a iya kai sasanci waje. Kuɗi ya ragu amma bankuna suka dawo. A 2017 IFC ta jagoranci rancen dala miliyan 653 ga tashoshi 13, bankin EBRD na Turai ya ware miliyan 500. Zuwa 2019 an gama Benban a kusa da Aswan, tashoshi sama da 30 a fili ɗaya, ƙarfinsu ya kusa megawat 1,500. Gwamnati ce ta tanadi filin da tashoshin taransifoma da za su kwashi wutar. Abin da nake so ka lura da shi: farashi mai tsoka bai jawo bankuna ba, sakin layi ɗaya a takarda ya jawo su.

To mu fa? Mutane da yawa ba su sani ba, amma an kusa. A watan Yulin 2016 kamfanin gwamnatin tarayya mai sayen wuta a sari, NBET, ya sa hannu da kamfanoni 14 kan tashoshin sola masu jimillar megawat 1,125, a kan santi 11.5. Mafi yawansu a Arewa za a gina su, har da Kankia a Katsina, da Ganjuwa a Bauchi, da Jigawa, da Sakkwato, da Kaduna. Wasu daga cikin kamfanonin sun kashe kuɗi a kan fili da bincike, wasu bankunan raya ƙasa sun nuna a shirye suke. Takarda ɗaya ta rage: alkawarin gwamnatin tarayya cewa idan ciniki ya watse za ta sayi tashar ta biya masu bashi. Ma'aikatar Kuɗi ba ta yarda ba. Ta nemi a sauko zuwa santi 7.5, tana nuni da abin da aka samu a wasu ƙasashe. Aka yi ta ja-in-ja har shekaru suka shige. Ko ɗaya daga cikin 14 ɗin ba a gina a kan waccan yarjejeniya ba.

Yana da sauƙi mutum ya zagi ma'aikatar, kuma a lokacin ni ma na ji haushi. Amma a yi adalci. Tun da aka sayar da kamfanonin rarraba wuta 11, aka fara miƙa su a Nuwamban 2013, ba su taɓa iya biyan NBET cikakken kuɗin wutar da suke karɓa ba. Wata wutar tana zubewa a tsofaffin wayoyi, wata ana sacewa, wata ana sha ba a biya, ma'aikatun gwamnati kansu suna cikin manyan masu riƙe bashi, farashin da aka yanka kuma bai kai kuɗin samarwa ba. A 2017 sai da gwamnati ta amince da naira biliyan 701 don NBET ya samu abin biyan masu samar da wuta. Direban ke nan ba ya kawo balas, duk nauyin zai koma kan mai tsayawa. Kuma gwamnati ta riga ta ɗanɗana. Ta sa hannu a irin wannan takarda ga tashar iskar gas ta Azura da ke Edo, mai megawat 461, wadda Bankin Duniya ya tsaya wa. An gama ta a 2018, kafin wa'adi ma, daga nan kuma aka shiga biyan wajen dala miliyan 30 duk wata, ko layi ya kwashi wutar ko bai kwasa ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle.

Ga kuma batun dala, wanda a ganina shi ne ƙashin bayan matsalar. Rancen da dala ake karɓa, kai kuwa da naira kake sayen yunit. Lokacin da aka sa hannu dala tana wajen naira 300, santi 11.5 ya kama naira 35. A 2024 dala ta haura 1,500, wannan santi 11.5 ɗin ya zama sama da naira 170, tun a bakin tasha, kafin a ɗora kuɗin jigilar wuta da na rarrabawa. Bankin da ya ba da rance bai yi asarar komai ba, dalarsa yake jira. Mai shagon walda da baitulmali su za su cike gurbin. Gana ta faɗa ramin shata da tashoshin mai da gas: a 2019 ministan kuɗinta ya faɗa wa majalisa cewa suna biyan wajen dala miliyan 500 a shekara kan ƙarfin wutar da ba sa amfani da shi. Zambiya kanta, da ake yabo, ta kasa biyan bashin ƙasashen waje a Nuwamban 2020.

Duk da haka ra'ayina shi ne an yi sakaci. Ƙin sa hannu a kan santi 11.5 yana da hujja. Abin da ba shi da hujja shi ne a ƙi sannan a zauna. Ana iya soke tsohon ciniki a kira sabuwar gasa irin ta Zambiya, a fara da tashoshi biyu ko uku. Arewa tana ƙarshen layi ne, mafi yawan wutar da muke sha daga tashoshin gas na Kudu take tahowa, sai ta madatsun Kainji da Jebba da Shiroro. A Oktoban 2024, da layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace, jihohi da dama sun yi fiye da mako cikin duhu. Tasha a Kankia ko Dutse ba za ta hana wannan gaba ɗaya ba, tunda irin wannan tasha tana buƙatar layi mai rai kafin ta tura wuta, amma a kwanakin da layi ke aiki da ta ɗaga ƙarfin wutar rana tsaka, lokacin da injinka ke nema. Babbar tashar sola da aka jona da layin ƙasa a nan ita ce ta Kumbotso, megawat 10, wadda hukumar zuba jarin ƙasa NSIA ta gina aka buɗe a Janairun 2023. Ka auna 10 da 1,500.

Kada ka ɗauka kuma da bankuna sun saki kuɗi shi ke nan. Kenya ta koya wa kowa darasi. A gefen tafkin Turkana aka kafa injinan iska 365, megawat 310, Bankin Raya Ƙasashen Afirka ne ya jagoranci haɗa rancen bayan Bankin Duniya ya janye a 2012. Kamfanin ya gama nasa a 2017. Layin da zai kai wutar, mai tsawon sama da kilomita 400, aikin gwamnati ne, ɗan kwangilar Sifaniya da aka ba ya karye, ga rigimar diyyar filaye. Sai Satumban 2018 aka jona. Injina na tsaye, iska na kaɗawa, sharaɗin shata na aiki: Kenya ta ɗauki nauyin sama da yuro miliyan 100 na wutar da ko yunit ɗaya ba ta sha ba. Yau tashar tana ba da fiye da kashi 10 cikin 100 na wutar ƙasar, kuma mai araha ce. Amma makiyayan yankin sun kai ƙara kan yadda aka karɓi filin, a 2021 kotu a Meru ta ce ba a bi ƙa'ida ba wajen ba da takardun mallakarsa. Duk wanda zai kawo irin wannan aiki Arewa ya fara zama da manoma da makiyayan wurin kafin ya zauna da banki.

Mu ma muna da namu labarin iskar, a Lambar Rimi ta Katsina, megawat 10 kacal. A Disamban 2012 aka sace injiniyan Bafaranshe da ke aikin, ya kuɓuta bayan kusan shekara, aikin ya yi ta jan ƙafa shekaru. Irin wannan labari yana zama a fayil ɗin masu inshora, kuma yana komawa cikin ruwan kuɗin da ake yanka wa kowane aiki a yankin.

Su ma bankunan ba tsarkaka ba ne. Suna da jinkiri, aikin da ginin sa wata tara ne yakan shafe shekara huɗu ko biyar a takarda, lauyoyin Landan da Washington suna cin rabonsu. Sun daɗe suna alkawarin cewa kowace dala tasu za ta jawo daloli masu yawa daga 'yan kasuwa, amma a ƙasashe matalauta idan ka duba jerin masu ba da rancen sai ka ga su ne dai da junansu. Sharuɗɗansu kuma sukan zo da ƙarin kuɗin wuta. Ƙarin da aka yi wa rukunin Band A, wato masu samun wuta mafi yawan awanni, a Afrilun 2024, daga ƙasa da naira 70 zuwa 225 kowane yunit, yana cikin irin gyaran da suka daɗe suna nema, ko da yake gwamnati ma ta gaji da biyan tallafi. Sannan kuɗin na bin iskar siyasa. A Nijar, tashar sola ta Gorou Banda kusa da Yamai, megawat 30, da kuɗin hukumar raya ƙasa ta Faransa da Tarayyar Turai aka gina ta. An ƙaddamar da ita a farkon Yulin 2023, ranar 26 ga watan aka yi juyin mulki, masu ba da tallafi suka dakata, Najeriya kuma ta yanke wutar da ke cike kusan kashi 70 cikin 100 na buƙatar ƙasar. Abin da aka riga aka kafa shi ya yi wa Yamai rana a wancan lokaci, abin da ke takarda ya tsaya cak. A 2025 Amurka ta fice daga yarjejeniyar dala biliyan 8.5 da aka ƙulla da Afirka ta Kudu a 2021 don rage dogaro da kwal. Canjin gwamnati a can yana iya kashe aiki a nan.

Na san za ka ce duk wannan magana ta ruwa ce, ina matsayin riba a Musulunci. Hukuncin na malamai ne. Abin da zan iya faɗa ta fuskar sana'ata shi ne tashar wuta kadara ce da ake gani ana taɓawa, saboda haka ta dace da tsarin ijara (haya) da istisna'i (kwangilar ƙera abu) da Bankin Raya Ƙasashen Musulmi ke aiki da su, ta kuma dace da sukuk, wato takardun zuba jari a kan kadara, marasa ruwa. Gwamnatin tarayya ta fara sayar da sukuk a 2017, naira biliyan 100, aka yi tituna da su. Sukuk na naira yana kashe tsuntsu biyu: ya kauce wa ruwa, ya kauce wa dala. Dama maganin matsalar dala ke nan, a ciwo bashin a gida. An kafa kamfanin InfraCredit a 2017 don ya riƙa tsaya wa kamfanoni su samu rancen naira mai dogon wa'adi daga asusun fansho. Cikas ɗin shi ne muddin gwamnati da kanta tana karɓar rance a kan kashi 18 ko 20, babu mai ba tashar sola a ƙasa da haka.

Saboda duk wannan, a Najeriya bankunan sun canza hanya. Tunda babban direba ba ya kawo balas, sai suka koma ga ƙananan tashoshi masu cin gashin kansu, na gari ɗaya ko kasuwa ɗaya ko jami'a ɗaya, inda mai shan wuta ke biya kafin ya sha. A 2018 Bankin Duniya ya ba gwamnati rancen dala miliyan 350, Bankin Raya Ƙasashen Afirka ya ƙara miliyan 200, Hukumar Samar da Wuta a Karkara ke gudanarwa. Tsarin yana da hikima: kamfani ya gina da kuɗinsa, a je a ƙirga gidajen da ya jona, sannan a biya shi tallafi kan kowane gida. A Disamban 2023 aka amince da sabon shiri, DARES, na dala miliyan 750, da burin kai wa mutum miliyan 17.5. Sama da su duka akwai shirin Mission 300 na bankunan biyu, wanda ke son jona mutum miliyan 300 a Afirka kafin 2030. Wutar waɗannan ƙananan tashoshi ta fi ta layin ƙasa tsada, amma ta fi ta janareto sauƙi nesa ba kusa ba, kuma da janareto mai saye yake auna ta. Dokar wutar lantarki ta 2023 kuma ta ba jihohi damar tsara kasuwar wutarsu, don haka yanzu gwamna ba shi da hujjar cewa komai sai Abuja.

Wani abin mamaki ya faru a gefe, babu hannun kowane banki. Farantan Sin sun yi arahar da ba a taɓa gani ba, aka cire tallafin mai a 2023, jama'a suka yi wa kansu lissafi. A cikin wata 12 zuwa Yunin 2025 Najeriya ta shigo da farantai na wajen megawat 1,700, ita ce ta biyu a Afirka bayan Afirka ta Kudu. Ya zarce duk abin da kamfanoni 14 ɗin nan suka so ginawa. Ka leƙa rufin gidajen Kano ka gani. Ina murna da hakan, amma yana da illa: masu hali da masana'antu, waɗanda su ne ke biyan kuɗin wuta a kan kari, su ne ke ficewa daga layi, a bar kamfanin rarrabawa da waɗanda ba su da ƙarfi. Pakistan tana cikin wannan hali yanzu.

Daga yau idan ka ji an ce an ware kuɗi, ka saurari kalmar da aka yi amfani da ita. Sa hannu kan takardar fahimtar juna ba komai ba ne, an sha yi a wuce. Amincewar hukumar banki mataki ne, amma kuɗi bai fita ba tukuna. Ranar da ake ƙirgawa ita ce wadda mai sayen wuta ya sa hannu, mai tsayawa ya sa hannu, bankuna suka fara saki.

Kai kuma a kanka, IFC ba za ta zo shagonka ba, ƙaramin cinikinta ya fi ƙarfin shagunan layinku gaba ɗaya. Amma kamfanonin da ke karɓar tallafin Hukumar Samar da Wuta a Karkara irinku suke nema ido rufe, domin masu walda da niƙa da kafintoci da rana suke aiki, lokacin da farantai ke ba da wuta kai tsaye ba sai an tara ta a batiri ba, kuma batiri shi ne ɓangaren da ya fi tsada. An yi irin wannan a kasuwar Sabon Gari, shaguna suna biyan kamfani ɗaya. Ku haɗu ta ƙungiyarku, mutum 30 ko 50. Kowa ya riƙa rubuta litar man da yake saye kullum da awannin da injinsa ke aiki, har wata uku. Ku samu mai gyaran lantarki ya auna abin da kowane injin walda ke ja lokacin da aka ɗana shi, domin tsofaffin injina masu taransifoma suna fizgar wuta sosai, wataƙila a ce sai kun koma masu inbata. Wannan littafin naku shi ne shaidar balas. Da shi za ku je wurin kamfani, kuma kafin ku sa hannu ku nemi a rubuta muku farashin yunit da naira, da sharaɗin da zai sa a ƙara shi, da abin da za a yi idan wuta ta ɗauke ranar aiki.